Ganyen ketum ya kwantar mini da hankali, yanzu na kasa rabuwa da shi

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne daga arewacin Najeriya, ina karatun digirin digirgir a wata jami'a da ke jihar Kedah a ƙasar Malesiya. Matata da 'ya'yanmu suna gida. Bara mahaifina ya rasu, ban samu zuwa ba saboda kuɗin jirgi ya gagare ni. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini, gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili, sai in zauna gaban kwamfuta tun safe har la'asar ban rubuta layi ɗaya ba. Wani abokina ɗan ƙasar ya ga halin da nake ciki, ya kawo mini ruwan wani ganye a ƙullin leda. Su suna ce masa ketum, a intanet kuma na ga ana kiransa kratom. Ya ce kakansa ya sha shi har tsufa yana noman shinkafarsa. Wallahi Malam, ranar da na fara sha ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na yi aiki, na kira iyalina har muka yi dariya. Da farko rabin kofi yana isa ta. Yau wata bakwai ke nan, sai na sha kofi huɗu a rana, kuma idan na wayi gari ban sha ba sai hamma da majina da ciwon ƙafafu, ga ɓacin rai fiye da na da. Wani lokaci har nakan ji da mutuwa za ta zo da na huta. Ba na son zuwa asibiti a ɗora ni a kan ƙwayoyin masu taɓin hankali, don na ji an ce wanda ya fara ba ya dainawa. Shi kuwa wannan ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi. Matata ba ta sani ba. In ci gaba da sha har in gama karatun, in na dawo gida in bari? Ko akwai yadda zan daidaita shan?

Ɗan'uwanka daga Kedah

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Mutuwar uba ta riski mutum a ƙasar wasu, bai sallace shi ba, bai raka shi makwancinsa ba, bai zauna a kan tabarma cikin 'yan'uwansa yana karɓar gaisuwa ba, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Duk wanda ya ga laifinka don ka nemi abin da zai sassauta maka bai san zafin abin ba.

Kafin mu zo kan ganyen, akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ba zan tsallake ba. Ka ce wani lokaci kakan ji da mutuwa za ta zo da ka huta. Ka saka ta a tsakiyar zance kamar ba komai ba, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Irin wannan tunani yana cikin alamomin ciwon damuwa idan ya yi nisa, kuma yana gushewa idan aka yi maganin ciwon. Sai dai ba abin da mutum zai rufe ƙofa ya zauna da shi shi kaɗai ba ne. Idan abin ya taɓa wuce fata, har ka fara tunanin yadda za ka cutar da kanka, kada ka jira gari ya waye. Ka tashi ɗaya daga cikin ɗaliban da kuke tare ya raka ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Ma'aikatar lafiya ta Malesiya tana da layin waya na masu irin wannan hali, Talian HEAL, lambarsa 15555, lambar gaggawa kuma 999. Ka adana su a wayarka yau ɗin nan.

To, ganyen. Ban ƙaryata ka ba ko kaɗan, sauƙin da ka ji ranar farko gaskiya ne. Itaciyar ketum doguwa ce, dangin itacen gahawa, tana fitowa a Tailan da Malesiya da Indonesiya, masana kuma suna ce mata Mitragyna speciosa. Giyayyar da ke fadamominmu ma 'yar gidansu ce, ko da yake aikinsu ba ɗaya ba ne. Tun kaka da kakanni manoma da masu tatsar roba da masunta na can suke tauna ganyen ko su dafa shi don su jure rana da wahalar aiki. Kaɗan daga cikinsa yana wartsakar da jiki, mai yawa kuma yana kashe jiki ya kawo gyangyaɗi. Dalili shi ne akwai sinadari a cikinsa mai suna mitragynine, hanta kuma tana juya wani kaso nasa zuwa wani mai suna 7-hydroxymitragynine, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Su biyun suna zuwa ƙwaƙwalwa su kama daidai wurin da mofin da kodin da Tramadol suke kamawa. Gaskiya ne idan shi kaɗai aka sha bai kai mofin danne numfashi ba. Amma ƙofar da yake shiga ita ce tasu, kuma duk abin da ya shiga ta wannan ƙofa kullum, jiki yana sabawa da shi, ya riƙa neman ƙari, ya yi bore ranar da aka hana shi.

Hammar nan da majinar da ciwon ƙafafun da kake tashi da su, boren ke nan. Ba mura ba ce, ba kuma gajiyar karatu ba. A 2014 masu bincike na Universiti Sains Malaysia da ke Penang, nan kusa da kai, sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi a kan mutum 293 masu shan ruwan ketum a kai a kai a arewacin ƙasar. Fiye da rabinsu sun kamu sosai, kashi 45 cikin 100 kuma kamun tsaka-tsaki ne. Waɗanda suke shan kofi uku ko fiye a rana su suka fi faɗawa cikin kamu mai tsanani. Abin da suka ce suna ji idan ba su samu ba shi ne ciwon tsoka, rashin barci, hawaye da majina, zafin jiki, gudawa, sannan fushi da zullumi da baƙin ciki. Kai kana kan kofi huɗu, kuma ka lissafa mini kusan rabin waɗannan da bakinka.

Ka lura da na ƙarshen nan, zullumi da baƙin ciki, don nan ne tarkon yake ga mai irin ciwonka. Da farko damuwa ɗaya gare ka, ta rashin Baba da kaɗaici da nauyin karatu. Yanzu sun zama biyu. Ta farkon tana nan inda take, ba wanda ya taɓa ta, an dai lulluɓe ta na 'yan sa'o'i. Ta biyun kuwa ganyen ne da kansa yake haifar da ita duk sanda ƙarfinsa ya sauka a jininka, sannan shi ne kuma yake kawar da ita idan ka sake kurɓa. Sai ka ga kamar magani ne yake aiki, alhali ramin da ya haƙa jiya yake cikewa. Abin kamar susar ƙazuwa ne, da daɗi a lokacin, wurin kuma sai ƙara faɗi yake yi. Shi ya sa ka ce ɓacin ran ya fi na da. Ka faɗi daidai, ya fi.

Ba kai kaɗai ka je wa ganyen nan da wannan buƙata ba. A Amurka, inda ake sayar da garinsa da ƙwayoyinsa, mafi yawa daga tsibirin Borneo na Indonesiya, masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tambayi masu sha 2,798, suka wallafa a 2020. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce don fargaba ko ciwon damuwa suke sha, da yawa kuma sun ce yana taimaka musu. Amma wannan shaidar masu sha ce a kan abin da suke sha, kuma da an tambaye ka a watanka na farko kai ma yabo za ka yi. Har yau ba a yi gwajin asibiti da ya nuna yana warkar da ciwon damuwa ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta amince da shi a matsayin maganin kowace cuta ba. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba shi a 2021, bai ce a haramta shi a duniya ba, ya dai ce a ci gaba da sa masa ido. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka ɗauka ina zuzuta shi ne fiye da yadda yake. Ba hodar iblis ba ne. Amma ba maganin ciwonka ba ne, kuma ya riga ya kama ka.

Batun cewa ganye ne, Allah ya halicce shi, ai zaƙami ma Allah ne ya halicce shi, ka kuwa san abin da yake mayar da samari a unguwanninmu. Mofin kansa daga furen wani tsiro ake samo shi. Kakan abokinka kuma manomi ne da yake neman ƙarfin yini a gona, ba mai makoki ba ne da yake neman abin da zai danne masa zuciya. Kuma daga irin ƙauyukansu aka samo mutanen da binciken Penang ya ƙirga. Sannan shi tsohon ya san itaciyar da ya tsinko ganyensa. Kai fa? Koren ruwa mai ɗaci a ƙullin leda, an ɗaure bakinsa da roba, ba ka san wanda ya dafa ba, ba ka san yawan ganyen ba, ba ka san me aka ƙara ba. Sanannen abu ne a kudancin Tailan da arewacin Malesiya matasa suna haɗa shi da maganin tari don ya ƙara bugarwa. A Suwidin mutum 9 sun mutu wajen 2010 bayan sun sha wani garin kratom da aka cakuɗa da sinadarin dangin Tramadol ba su sani ba. A Amurka ma, cikin mutum 152 da suka mutu tsakanin tsakiyar 2016 da ƙarshen 2017 aka samu kratom a jikinsu, kusan dukkansu akwai wata ƙwayar tare da shi. Haɗin ne yake kisa. Don haka ko kafin ka ga likita, kada ka kuskura ka haɗa shi da ƙwayar barci ko maganin tari ko Tramadol, komai tsananin rashin barcin.

Ga kuma doka. Daga Kedah zuwa iyakar Tailan tafiyar ɗan lokaci ce, can kuwa sun cire shi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a 2021, bayan haramcin da ya faro tun 1943. Kada wannan ya ruɗe ka. A Malesiya sinadarinsa yana ƙarƙashin dokar guba ta 1952, kuma wanda aka kama da ruwan ko ganyen yana iya fuskantar tara ko ɗauri. Ɗan ƙasa zai biya ya koma ƙauyensu. Baƙon da ke zaune da takardar izinin karatu, abin da zai rasa ya fi haka yawa.

Ka tambaya ko ka ci gaba har ka gama, in ka dawo ka bari. A'a, ɗan'uwa, kuma wannan shirin shi ya fi ba ni tsoro. Wanda ya tashi daga rabin kofi zuwa huɗu cikin wata bakwai, ina zai kai nan da shekara ɗaya ko biyu? Sannan ka sauka a Kano ko Abuja da jikin da ya saba, babu ketum a kasuwa, amma Tramadol yana nan a lungu, kodin ma bai ɓace ba duk da haramcin da gwamnati ta yi wa maganin tari mai kodin a 2018. Jikin da ke bore ba ya tambayar sunan abin da aka ba shi, muddin ta ƙofar nan zai shiga. Daidaita shan kuwa, ai shi kake ta ƙoƙarin yi tun watan farko. Na tabbata ba ka taɓa zama ka yanke shawarar kai wa kofi huɗu ba.

Duk da haka ban ce ka zubar da shi gobe da safe ka kulle kanka a ɗaki ka yi ta maza ba. Yankewa farat ɗaya tana jefa mutum cikin kwanaki masu wuya, jiki yakan yi kamar mako yana ciwo, barci da walwala kuma sukan fi haka daɗewa kafin su dawo. Ga mai tunanin mutuwa a ransa, waɗannan kwanaki ba na kaɗaici ba ne. Abin da nake so shi ne cikin makon nan ka je asibitin jami'arku ko asibitin gwamnati mafi kusa, ka nemi a haɗa ka da likitan lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma cibiyoyin MENTARI na ma'aikatar lafiya, waɗanda aikinsu ke nan. Kafin ranar, ka riƙa rubuta yawan abin da ka sha da lokacin da ka sha, kada ka ƙara ko kurɓi ɗaya a kan na yanzu. Da wannan takardar likita zai tsara maka yadda za ka riƙa ragewa sannu a hankali, ya ba ka abin da zai sassauta ciwon jiki da gudawa da rashin barci. Wanda kamunsa ya yi tsanani ma akwai maganin da ake ba shi, irin wanda ake ba masu barin kodin.

Idan ka shiga wurinsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa masa ketum kake sha, da yawansa, da tsawon lokacin, da maganar mutuwar nan. Idan kana ɗari-ɗari, ka fara tambayarsa yadda suke sirranta bayanin marar lafiya, haƙƙinka ne ka sani. Amma kada ka karɓi maganin damuwa kana ɓoye masa ganyen. Sinadarin ketum yana rage wa hanta saurin sarrafa magunguna da dama, har da wasu na ciwon damuwa, sai maganin ya taru a jini fiye da kima, ya kawo karkarwa da zufa da ruɗewa, wani lokaci har da farfaɗiya. Ka roƙe shi ya auna maka hanta, domin an sha samun waɗanda ganyen ya taɓa musu ita. Idan ka ga idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jiki yana ƙaiƙayi, to ranar za ka je, ba sai ranar da aka ba ka ba. Ya duba maka jini da maƙoƙo ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba.

Yanzu tsoron ƙwayoyin asibiti. Na san inda ka samo shi, dukkanmu mun taso muna ganin wanda aka dawo da shi daga asibitin ƙwaƙwalwa jikinsa a sandare yana dalalar da miyau, sai muka ɗauka duk maganin can haka yake. Waɗancan magungunan na wata cuta ce daban. Na ciwon damuwa da fargaba, irin su sertraline da escitalopram da fluoxetine, ba sa bugarwa, ba sa sa mutum kwaɗayinsu, kuma ba a wayar gari ana neman ninki huɗu na abin da aka fara da shi. Aibinsu shi ne jinkiri. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, a kwanakin farko ma wani yakan ji tashin zuciya ko ƙarin fargaba, wasu kuma sukan ga sha'awarsu ta ragu. Wanda ya saba da abin da ke aiki cikin rabin sa'a zai ga kamar ba sa komai, a nan ne ake bukatar haƙuri. Bayan an warke akan ci gaba da sha kamar wata shida don kada ciwon ya dawo, sannan likita ya janye shi a hankali, domin shi ma ba a yanke shi rana ɗaya. Mutane da yawa sun sha sun gama sun ajiye. Kai kuwa ka guji ƙwayar da aka ce ba a dainawa, ka rungumi ganyen da ka kasa dainawa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ba lallai ne ma a ba ka ƙwaya ba. Zama da ƙwararren mai ba da shawara, mako-mako, ana warware tunanin da ke cin mutum, magani ne da aka gwada aka ga amfaninsa, jami'o'in can kuma suna da sashen da ke wannan aiki.

Akwai abin da likita ba zai yi maka ba. Ba ka yi makokin mahaifinka ba, ɗan'uwa. Ka ji labari a waya, ka share hawaye, ka koma kan kwamfuta. Ka tara 'yan'uwa ɗalibai da ke nan, ko mutum biyar ne, a dafa abinci, a yi wa Baba addu'a, su yi maka ta'aziyya baki da baki, ka ba su labarinsa. Ka yi masa sadaka gwargwadon ƙarfinka. Kada kuma wani ya ce maka baƙin cikin nan raunin imani ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya umarci bayin Allah su nemi magani.

Uwargida kuma ka faɗa mata. Ina kyautata zaton ta daɗe da jin canji a muryarka, wataƙila ma tana can tana zargin kanta ko tana zargin wani abu daban. Ba sai ka zazzage mata komai a kira ɗaya ba. Ka ce mata tun rasuwar Baba ba ka da lafiya, ka sha wani maganin gargajiya na can da ya zame maka matsala, kuma ga ranar da za ka ga likita. Jin cewa akwai ranar zai kwantar mata da hankali fiye da kowane rarrashi. Abokinka ɗan ƙasar ma da alheri ya nufe ka, kada ka ƙullace shi, amma idan ka kammala tsarin ragewar, ka gaya masa a fili ya daina kawo maka, kuma kada ya nuna maka inda ake sayarwa idan ka roƙe shi a ranar da jiki ya matsa.

Karatun kuwa, na san lissafin da kake yi: kowane ƙarin zango kuɗi ne, naira kuma tun 2023 ba ta da ƙarfin da take da shi sanda da yawanku suka tafi. Duk da haka ka nemi takardar likita ka kai wa malamin da ke duba aikinka. Jami'o'i suna da tsarin ɗage zango ko ƙara wa'adi saboda rashin lafiya. Ka fara tambayar ofishin ɗalibai baƙi yadda ɗagewar za ta shafi takardar zamanka kafin ka sa hannu a komai, don wani lokaci ƙarin wa'adi ya fi ɗage zango sauƙi ga baƙo. Idan ka ga likitan, ka sake rubuto mini abin da ya ce, musamman sakamakon hantar da tsarin ragewar da ya ba ka.